Abdu Mumuni (1929-1991): tsohon ɗalibin Jami'ar Paris, malamin fizik, da zancen harsunan ƙasa

Gabatarwa

A wannan ƴar takarda muna so mu waiwayi rayuwar mutumin da jami'ar Yamai take ɗauke da sunansa tun shekarar 1992. A takardun hukuma ana rubuta sunan da ƙa'idar Faransanci, wato Abdou Moumouni Dioffo. Mu a nan za mu rubuta Abdu Mumuni, yadda baki yake faɗa. Kowace shekara idan muka tambayi sababbin ɗalibai ko wane ne shi, amsar ba ta wuce biyu. Waɗansu su ce shi ya kafa jami'ar, wanda ba haka ba ne, domin shugabanta na farko shi ne masanin lissafi Bubakar Ba. Waɗansu kuma su ce ai mai aikin rana ne. Wannan amsa ta biyu gaskiya ce, amma rabi ce. Ɗayan rabin, wanda ya fi shafar masu nazarin harshe, shi ne littafin da ya wallafa a 1964 a kan ilimi a Afirka, inda ya tsaya a kan cewa ba za a ilmantar da jama'a ba sai da harsunan da take magana da su.

Mu ba mu zauna a ajinsa ba, domin ya rasu muna yara. Abin da za mu kawo a nan ya fito ne daga abin da ya rubuta da kuma abin da tarihi ya riƙe. Za mu bi rayuwar tasa daki-daki, amma za mu fi daɗewa a kan littafin.

Daga Tasawa zuwa Paris

An haifi Abdu Mumuni a Tasawa ran 26 ga watan Yuni 1929. Asalin gidansu Zabarmawan Kirtashi ne, a bakin kogin Kwara, amma cikin Hausawa ya buɗe ido. Ya fara lakwal a Damagaram, sa'an nan ya wuce Yamai, wadda ta karɓe matsayin babban birnin ƙasa daga Damagaram a 1926.

Ya kamata mu tsaya kaɗan a kan irin makarantar da ya shiga. Tun 1924 dokar Gwamna-Janar na Afirka ta Yamma ta Faransa ta ajiye cewa Faransanci kaɗai ne harshen makaranta, an hana mushe yin magana da yara cikin harshensu. Daga nan ne aka samu abin nan da ake kira sambol: wani ƙashi ko guntun itace da ake rataya wa yaron da aka ji Hausa ko Zabarmanci a bakinsa, shi kuma ya yi ta kasa kunne har ya kama wani ya miƙa masa. Wanda yamma ta same shi da sambol a wuya, shi zai sha bulala. Mu kanmu mun tarar da guntun wannan al'ada a wata makarantar ƙauye, shekaru masu yawa bayan tafiyar Nasara.

A daidai lokacin nan, a ƙetaren iyaka, tafiyar kwanaki kaɗan kudu da Tasawa, abin ya sha bamban. A Nijeriya ta Arewa Ingilishi suna koyar da yara karatu da rubutu cikin Hausa. A 1933 aka yi gasar rubuta littattafai wadda ta haifar da Ruwan Bagaja da Shaihu Umar da Ganɗoki, a 1939 kuma jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa daga Zariya. Ba mu kawo wannan don yabon Ingilishi ba, kowane mai mulkin mallaka da tasa manufa. Mun kawo shi ne don a ga cewa harshe guda, a zamani guda, ana buga littafi da shi a wannan gefe, ana dukan yaro saboda shi a wancan.

A 1944 Abdu Mumuni ya shiga makarantar William Ponty da ke Sebikotan a Senegal. Nan ne ƙololuwar karatun ɗan Afirka ta Yamma a lokacin, nan Bubu Hama da Jori Hamani da Jibo Bakari suka yi karatu kafinsa. Sai dai ƙololuwa ce mai rufi a kanta. Abin da ake so ta fitar shi ne malaman firamare da akawu da mataimakan likita, takardar shaidarta kuma ba ta buɗe ƙofar wata jami'a a Faransa. Bayan yaƙin duniya na biyu aka ɗaga rufin kaɗan, aka fara barin waɗansu su zauna jarrabawar bakaloreya. Shi ya bi ta lise Van Vollenhoven ta Dakar, a 1949 ya isa Paris ya shiga azuzuwan share fage na lise Saint-Louis, daga nan sai tsangayar kimiyya ta Jami'ar Paris. Ya sami lisans a fannin fizik a 1953, takardar zurfafa karatu a 1954, a 1956 kuma ya ci agrégation.

Wanda bai san tsarin Faransa ba zai iya ɗaukar agrégation kamar wani digiri ne. Ba digiri ba ce, gasa ce. Hukuma tana ƙayyade gurabe tun da farko, ɗaruruwa su zauna, a ɗauki na sama-sama a bar saura ko da sun iya. Senghor ya ci ta nahawu a 1935. Joseph Ki-Zerbo na Haute-Volta, Burkina Faso ta yau, ya ci ta tarihi a 1956. A shekarar nan ce Abdu Mumuni ya zama ɗan Afirka baƙar fata na farko daga ƙasashen renon Faransa da ya ci ta fizik, yana da shekara 27. Wato duk abin da makarantar Faransa take iya ba wa mutum ta ba shi. Shi ya sa sukar da ya yi mata daga baya ba a iya cewa ta wanda ya faɗi jarrabawa ce.

Shekarun yawo

A Paris bai tsaya ga karatu kaɗai ba. Yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar ɗaliban Afirka baƙar fata a Faransa, FEANF, a 1950, ƙungiyar da ta riga yawancin ƴan majalisa furta kalmar ƴancin kai. Da ya komo Dakar yana koyarwa a lise ɗin da ya yi karatu, ya shiga cikin waɗanda suka kafa jam'iyyar PAI a garin Thiès a watan Satumba 1957, jam'iyya mai bin ra'ayin Markisanci wadda Majhemout Diop ya shugabanta.

Ran 28 ga Satumba 1958 aka yi ƙuri'ar raba gardama ta Janar de Gaulle. A Nijar, Sawaba ta Jibo Bakari ta nemi a ce a'a, amma sakamakon da aka bayar ya nuna i, kafin shekara ta ƙare kuma gwamnatin Jibo ta faɗi. Gine kaɗai ta ce a'a. Faransa ta yi fushi ta kwashe ma'aikatanta, har da malaman makaranta, ta bar azuzuwa wayam. Sai waɗansu matasan Afirka masu ilimi suka bar aikinsu suka nufi Konakiri don su cike gurbin. Ki-Zerbo yana ciki, mawaƙi David Diop yana ciki, Abdu Mumuni ma ya tafi ya koyar a lise Donka. Ga mai agrégation wannan ba ƙaramar kasada ba ce, domin matsayi da albashi duk a hannun Faransa suke.

Bai daɗe a Gine ba. Ya koyar a Yamai na wani ɗan lokaci, sa'an nan daga 1962 zuwa 1964 ya yi bincike a Tarayyar Sobiyet a ƙarƙashin cibiyar kimiyya ta ƙasar, inda ya dukufa a kan makamashin rana. Daga can ya sauka Bamako ta zamanin Modibo Keita, ya koyar a babbar makarantar horon malamai, ya kuma kafa ɗakin binciken makamashin rana na ƙasar Mali. Yana Bamako ya kammala babban digirin dakta na Jami'ar Paris a 1967. Ƙasa biyar ke nan cikin shekara goma sha uku, idan an haɗa da tasa.

Littafin 1964

L'Éducation en Afrique ya fito a Paris a 1964 daga maɗaba'ar François Maspero. An fassara shi da Turancin Ingilishi a 1968, an kuma sake buga shi a 1998 a Présence Africaine. Abin mamaki ne a ce littafin da masu nazarin ilimi a Afirka suka yi shekaru suna komawa gare shi, malamin fizik ne ya rubuta shi.

Ya fara ne da tarbiyyar gargajiya, abin da masu mulkin mallaka ba su ɗauka ilimi ba ne sam. Ya nuna cewa tarbiyya ce wadda jama'a duka suke da hannu a ciki, ba ta rabu da aikin yau da kullum ba, tana gina jiki da hali da sana'a a lokaci guda, tana kuma bin girman yaro mataki-mataki. Bahaushe ba ya bukatar dogon bayani a nan. Ɗan maƙeri yana fara zuga-zugi kafin a ba shi masaba, kowane babba a unguwa kuma yana da ikon tsawata wa ɗan maƙwabci. Littafin da ya ɗauki nahiya guda dole ya yi jimla, saboda haka mu za mu ƙara abu guda game da ƙasar da aka haife shi: a Damagaram da Katsina da Gobir, tarbiyyar ba ta baka kaɗai ba ce. Akwai makarantar allo, akwai ajami, akwai waƙoƙin wa'azi da wasiƙun sarakuna. Makarantar Nasara ta tarar da masu karatu, ta lissafa su cikin jahilai domin ba haruffanta suke karantawa ba.

Daga nan ya bi makarantar mulkin mallaka da dokokinta da lissafinta, ya nuna cewa ƙarancinta ba kuskure ba ne, haka aka tsara ta. A Nijar ma ba sai an yi gardama ba: a 1960, yaran da ke zuwa makarantar boko ba su kai 5 cikin 100 ba. Inda ya fi zafi shi ne abin da ya ce game da sababbin gwamnatoci, waɗanda suka karɓi tuta da taken ƙasa amma suka bar manhaja da jarrabawa da harshen koyarwa yadda suka same su.

Hujjarsa a kan harshe tana da ƙafa biyu. Ta farko ta shafi yaro. Wanda ya shiga aji yana da shekara bakwai, aka fara masa da harshen da bai taɓa ji ba, ayyuka uku aka ɗora masa lokaci guda: ya koyi sabon harshe, ya koyi dabarar karatu, ya kuma fahimci darasin. Yawanci sai ya koma ga hadda. Duk wanda ya taɓa shiga ajin farko a ƙauyen Tawa ko Maraɗi ya ga yara suna rera jimla da ƙarfi, in an tambaye su me ta ce sai su sunkuyar da kai. Ta biyu ta shafi manya. Ƙasar da kusan dukan manomanta da makiyayanta ba su karatu ba za ta jira har a koya wa kowa Faransanci ba. Cikin harshensa, baligi yana iya koyon karatu da lissafi cikin ƴan watanni. Bai ce a jefar da Faransanci ba, shi da ya rubuta littafin da shi. Cewa ya yi a mayar da shi harshen da ake koya, harsunan Afirka kuma su zama na koyarwa, a shirya musu haruffa da nahawu da ƙamus da kalmomin kimiyya.

A nan ne muke ganin nauyin kasancewarsa masanin fizik. Abin da aka fi kawowa a lokacin, har gobe ma ana kawowa, shi ne wai harsunanmu sun isa tatsuniya da waƙa amma ba su isa kimiyya ba. Da mai nazarin harshe ne ya musanta, da sai a ce kasuwarsa yake karewa. Amma wanda ya musanta mutum ne da ya san daidai abin da kimiyya take bukata daga harshe.

Shekara biyu bayan fitowar littafin, daga 28 ga Fabrairu zuwa 5 ga Maris 1966, UNESCO ta tara masana a Bamako don daidaita haruffan Hausa da Fulatanci da Barbarci da Zabarmanci da Buzanci da Mandinganci. Daga can Nijar ta ɗauko rubutun nan mai ninka dogon wasali, wanda masu yaƙi da jahilci suka yi aiki da shi shekaru, har taron Yamai na 1980 ya kusantar da rubutunmu da na Nijeriya. A 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram, daga baya aka ƙara waɗansu cikin sauran harsuna.

ONERSOL da jami'a

A 1969 Abdu Mumuni ya komo gida ya karɓi shugabancin ofishin makamashin rana, ONERSOL, ya riƙe shi har 1985. Tunaninsa a nan mai sauƙi ne. Ƙasa ce da ba ta da bakin teku, man fetur sai an ɗauko shi daga nesa, itacen girki yana ƙarewa a kewayen birane, fari na 1973 da 1974 ya zo ya ƙara tona asirin. Abin da take da shi har ya yi yawa shi ne rana.

Hanyar da ya fi bi ita ce ta zafin rana. Tukunyar ɗuma ruwa, alal misali, faranti ne na ƙarfe da aka shafa wa baƙi, da bututu a jikinsa, aka rufe da gilashi, tanki kuma yana bisa. Ruwan da ya yi zafi yana hawa da kansa, mai sanyi ya sauko, ba famfo ba lantarki. An ƙera irinta a Yamai an sayar. An kuma yi na'urar tace ruwa da tururi, da ta busar da kayan gona, da murhun rana, da injin da zafin rana ke turawa, wanda aka yi da haɗin gwiwar wani kamfanin Jamus. Abin lura shi ne yawancin kayan nan maƙerin zamani da mai walda na gida suna iya yin su su kuma gyara.

Ba duka ne suka karɓu ba, kuma dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Murhun rana yana son a yi girki da tsakar rana a fili, alhali tuwon dare ne babban abinci, tuƙin tuwo kuma yana son tukunya a girke daram bisa duwatsu. Gilashi da tagulla daga waje suke zuwa, saboda haka kuɗin kayan ya fi ƙarfin talaka. Da farashin uraniyom ya faɗi a farkon shekarun 1980, hukuma ta tsuke bakin aljihu, bincike yana cikin abin da aka fara yankewa.

A 1979, zamanin Seyni Kunce, aka naɗa shi shugaban jami'ar Yamai, wadda ta faro a matsayin cibiyar ilimi mai zurfi a 1971 ta zama jami'a a 1973. Ya yi ƴan shekaru a kujerar, ya ci gaba da koyar da fizik bayan ya sauka. Ya rasu a Yamai ran 7 ga Afrilu 1991, wata kusan huɗu kafin a buɗe Babban Taron Ƙasa ran 29 ga Yuli. Shekara guda bayan haka aka raɗa wa jami'ar sunansa.

Abin da ya tsaya a gwaji

Idan aka jera ayyukan nan biyu, na rana da na harshe, za a ga kalma guda ta bi su duka, ita ce gwaji. Kayan ONERSOL da yawa sun tsaya a samfuri. Makarantun da aka buɗe tun 1973 sun yi shekaru fiye da ashirin ana kiransu na gwaji, tsiraru ne a cikin dubban makarantu, iyaye kuma suna ɗari-ɗari da su domin sun san jarrabawa da aikin hukuma da Faransanci ake yi. Ba za mu ga laifin iyayen ba. Ma'aikacin da ya yaba makarantar a taro, ɗansa ba can yake ba.

Dokoki kam an yi. Ta 1998 a kan tsarin ilimi ta sa harsunan ƙasa cikin harsunan koyarwa tare da Faransanci. A 1999 aka tabbatar da ƙa'idar rubutun Hausa da waɗansu harsuna huɗu. A 2001 doka ta lissafa harsunan ƙasa guda goma. A watan Maris 2025 sabon kundin da hukumomin soja suka fitar ya ajiye Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. A ganinmu hujjar 1964 ba ta fifita wani harshe bisa wani ba ce. Abin da ya sa ɗan Tasawa yake bukatar Hausa a ajin farko shi ne ya sa ɗan Kirtashi yake bukatar Zabarmanci, ɗan Difa yake bukatar Barbarci. Doka kuma ba ta horar da malami, ba ta buga littafin lissafi.

Ta wajen rana, an buɗe tashar Malbaza mai megawat 7 a 2018, ta Goru Banda mai megawat 30 kuma ta fara aiki a 2023, shekarar da Nijeriya ta yanke wutar da take ba Nijar bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, alhali a lokacin wajen kashi 70 cikin 100 na lantarkin ƙasar daga can yake zuwa. Tashoshin nan sun yi rana, amma allunan da ke cikinsu daga ƙetare aka sayo su.

Mu ma masu nazarin harshe ba mu fita ba. Da muka zo rubuta wannan takarda, sashen siyasa da na tarihi ba su ba mu wahala ba. A sashen ONERSOL muka yi ta tsayawa. Makamashi, wadda asalinta abin hura wuta ne, mun karɓe ta domin gidajen rediyo sun riga sun baza ta. Amma madubin nan mai kwarmi da ke tattara hasken rana wuri guda, wanda Abdu Mumuni ya yi shekaru yana auna shi, da shi kansa wurin da hasken yake haɗuwa, mun tambayi abokan aiki uku, kowa ya ba mu kalmarsa daban. Mun tura jerin kalmomin ga wani malamin fizik ɗan Maraɗi don ya gwada su a aji, ya ga wadda ɗalibai za su riƙe.